Waya da laftof: a saya a Kano ko a bari sai an sauka Ingila?

Ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa karatun nan ya amfane ka da iyayenka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a Ingila, kuɗin hannunka ba su taka kara sun karya ba, kana tambaya ko ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre ka haɗo waya da laftof tun daga nan, ko ka riƙe kuɗin sai ka sauka. Ni dai shawarata, waya ka tafi da ita daga Kano, laftof kuwa ka bari sai can. Tunda akwai masu haramar Amurka da Turkiyya a cikinmu, zan ɗan taɓo nasu.

Buƙatar waya tana farawa tun kafin ka fito daga filin jirgi. Izinin zama a Ingila yanzu ba kati ba ne da za ka zaro daga aljihu, yana cikin asusunka na intanet. Adireshin masauki, taswira, kiran wanda zai tarbe ka, duk a waya suke. Wayar da ake sayarwa a nan tana kama sabis a can lafiya lau, domin layukan 4G da kamfanoninmu ke hawa kusan su ne na Turai. Ga kuma abin da ya fi min komai: yawancin wayoyin kasuwarmu masu sim biyu ne, ɗaya na gida, ɗaya na can. Ka dai tabbatar tana da NFC, wato abin da ke sa a ɗora waya a kan na'ura a biya kuɗi. Ƙananan wayoyi da yawa ba su da shi, alhali motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014.

Inda nake jin tsoro shi ne Landan-yus, wato wayar hannu da aka riga aka yi amfani da ita a waje. Za a zaro maka ita daga cikin gilashi, a goge da ƙyalle, babu ko ƙwarzane, farashi ya yi daɗi. Yawancin 'yan kasuwar mutanen kirki ne, amma su ma sari suka yi, ba su san tarihin kowace waya ba. Wayar da aka kai rahoton sace ta a Ingila, ko aka karɓa bashi ba a gama biya ba, kamfanonin can suna iya toshe lambar shaidarta da ake kira IMEI. A Kano za ta yi ta aiki shekara da shekaru ba ka sani ba, ranar da ka mayar da ita inda ta fito, ka sa sim, shiru. Don haka kafin ka ƙirga kuɗi, danna *#06#, lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali, a rubuta maka ita a rasit, ka kuma bincika ta a intanet. Ka gwada sim na kamfani biyu daban-daban. A cire asusun iCloud ko na Google na tsohon mai ita a gabanka, a goge wayar a sake kunnawa kana tsaye. In har da hali, sabuwa a kwali mai matsakaicin kuɗi ta fi tsohuwar babbar waya kwanciyar hankali ga matafiyi.

Sayen waya a can ma yana da nasa daɗin. Tun Disambar 2021 aka hana kamfanonin sadarwar Ingila sayar da waya a kulle, kuma garantinta yana aiki a inda kake zaune, saɓanin wadda ka ɗauko daga nan, domin Apple da Samsung sukan ɗaure garantin waya da yankin da aka saye ta. Tecno ko Infinix in gilashinta ya fashe a can, samun kayan gyaranta wahala ne, kuɗin aikin ma ba irin na yaran Farm Centre ba ne. Amma ka yi hattara da kwantiragin nan na wata 24 da ake ba ka sabuwar waya kana biya duk wata. Suna duba tarihin bashinka, sabon zuwa ba shi da shi, kuma karatunka shekara ɗaya ne, bashin zai fi shi tsawo. Sim zalla na wata-wata irin na kamfanin giffgaff ko Lebara ya ishe ka.

Mai tafiya Amurka, lissafinsa ya juye. Manyan kamfanoninsu sun kashe 3G a 2022, layukan 4G ɗinsu daban ne da namu, wayoyin da aka ƙera don kasuwar Afirka sau da yawa ba sa kama sabis sosai, wani kamfanin ma ba zai karɓe su ba. Shi gara ya saya can, ya kuma sani cewa iPhone ta Amurka daga 14 zuwa sama ba ta da ramin sim, sai eSIM, wato sim da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. Na Turkiyya kuwa, wayar da aka shiga da ita daga waje kwana 120 take yi da sim ɗinsu, daga nan a rufe ta sai an biya kuɗin rajista mai nauyi. Kada ya kashe dukiya a kan waya a nan.

Laftof ba ta da wannan gaggawar. In kana da mai aiki, ɗauki abarka. In saya za ka yi, tsofaffin HP da Dell da Lenovo na kasuwar kwamfuta ta Beirut Road a Kano suna da ƙwari, ga ciniki, ga biya da naira, ban raina su ba. Sai dai garantinsu na baki ne, kai kuma ka yi nisa da mai shagon. A can, kayan da ya zo da matsala kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka, wanda ka saya ta intanet kuma kwana 14 ko da ra'ayi kawai ka sauya. Da imel ɗin jami'a ana yi wa ɗalibi ragi, jami'o'i da yawa suna ba da Microsoft Office kyauta, ɗakin karatu yana da kwamfutocin da za su riƙe ka makon farko. Sai ka shiga aji ma za ka san irin ƙarfin na'urar da darasinka ke nema. Ka tambayi farashin fam a kasuwar canji ta Wapa ranar da za ka yanke shawara, kada ka yi lissafi da na watan jiya.

Batun wuta ka huta: soket ɗin Ingila irin namu ne mai baki uku, 230V, haka Saudiyya da Dubai da Malesiya. Jamus, Faransa, Turkiyya da Masar mai baki biyu zagayayye ne, adafta ta wadatar. Amurka da Kanada 120V suke, sai a karanta jikin caja, in an rubuta 100–240V ta yi. Dutsen guga da hita da bilenda a bar wa mutanen gida. Fawa bank a jakar hannu take tafiya, ba a cikin akwatin da za a auna ba, kuma mai 20,000mAh tana ƙasa da iyakar 100Wh da jirage suka sa.

Layinka na gida shi ne na fi so ka kula da shi fiye da wayar kanta. Da shi BVN ɗinka da asusun bankinka suke ɗaure, ta nan lambar OTP, wadda banki ke aikowa don tabbatar da tura kuɗi, ke shigowa. Wasu suna barin sim wajen ƙani ko yaya, duk sanda za su tura kuɗi sai sun kira gida a karanto musu lamba kafin ta mutu, wataƙila mutumin yana kasuwa ko yana barci. Tafiya da shi ya fi. Layin da ya daɗe ba a taɓa ba kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, saƙon bankinka ya riƙa zuwa hannun baƙo. Ka je ofishin kamfanin layinka tun kafin makon tafiya, a tabbatar sunan da ke kan layin ya yi daidai da na NIN, a buɗe maka shi ya yi aiki a waje, ka tambayi tsarin da suke da shi na riƙe lamba ga matafiya. Can kuma ka kashe data a kansa don kada ya cinye kuɗi, kana ɗan sa masa kati kana tura saƙo lokaci-lokaci. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da tsohuwar lambarka ko ka sa sabon sim, ka dai saka masa lambar sirri ta mataki na biyu tun kana gida.