Shagon buga takardu na bakin tasha: ya iya rubuta koke amma bai iya sirri ba

Assalamu alaikum jama'a. Masu tambayata a ina muka buga takardar koken da muka kai majalisar dokokin jihar Kano, to a shagon kwamfutar nan ne na bakin tasha a hedikwatar ƙaramar hukumarmu, wanda yake jikin mai POS. Ban sa sunan shagon ba, ban kuma sa na garinmu ba, duk wanda yake zaune a nan tsakaninmu da iyakar Katsina ya san dalili.

Tun da ɓarayin daji suka fara leƙowa Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025 barci ya ƙaurace wa mutane, sai dattawa suka zauna a ƙofar gidan dagaci suka ce a rubuta wa majalisa ta yi doka kowane magidanci a ba shi damar riƙe bindiga. Ni ne sakataren ƙungiyar gari, sai aka haɗa ni da sarkin baka aka ce mu je a buga mana da Turanci mai kyau.

Mai shagon yaro ne matashi, an ce ya ɗan karanta shari'a a Kano kafin ya dawo gida ya buɗe wajen. Da ya karanta abin da muka zo da shi a rubuce sai ya ajiye ya dubi sarkin baka ya ce, Baba in kun ce in buga haka zan buga in karɓi kuɗina, amma wallahi asarar kuɗin mota za ku yi, majalisar Kano ba ta da hurumin wannan. Ya buɗe mana kundin tsarin mulki na 1999 a kwamfuta ya nuna mana jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, makamai da harsashi da abubuwan fashewa su ne na 2 a jerin, wato ko duka 'yan majalisar Kano 40 sun ɗaga hannu sun amince ba za su iya ba mutum ɗaya lasisin bindiga ba. Wani mai shagon da tuni ya buga ya miƙo mana ya ce Allah ya ba da sa'a, a nan na fara ganin girmansa gaskiya.

Sarkin baka fa bai yarda nan take ba, ya ce yo ɗana ai Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga, da kunnena na ji a rediyo. Yaron ya ce ƙwarai Baba an yi haka a watan Yunin 2022, har aka ce za a raba fom 500 a kowace masarauta cikin 19, kafin nan ma Masari ya faɗi irinta a Katsina a 2021, amma ka lura shi kansa gwamna Matawalle kwamishinan 'yan sanda ya nema ya bayar da lasisin don ba a hannunsa yake ba, kuma 'yan sanda na tarayya ne ba na jiha ba. Daga nan ya warware mana dokar bindigogi ta 1959 dalla-dalla, cewa manyan irin su AK47 shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da izini kuma wanda aka kama da ita ba izini ɗaurin bai gaza shekara 10 ba, masu baki biyu na hannun babban sufeton 'yan sanda, shi kuma tun 2023 ya ce an dakatar da bayar da sabon lasisi, sai harba-ka-ruga irin ta mafarauta wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce ta faɗo hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Duk wannan bayanin bai caje mu ko sisi ba.

Akwai wani ɗan acaɓa da ya shigo cajin waya ya tsoma baki wai ai shi ya gani a TikTok a Amurka jiha ce take yanke wa mutanenta, me zai hana mu. To wannan gaskiya ne amma can ne. Su haƙƙin riƙe makami yana cikin kundin tsarin mulkinsu tun 1791, kuma jihohi ne suke muhawarar yadda za a fita da ita, kamar Texas da tun watan Satumbar 2021 ta ce ɗan shekara 21 da ba shi da wani laifin da ya hana shi zai iya yawo da ƙaramar bindiga ba sai da lasisi ba, kuma yanzu sama da rabin jihohinsu haka suke. Kafin a yi irin wannan dokar mutane sukan cika zauren kwamiti, masu so da masu ƙi, kowa a ba shi 'yan mintuna ya faɗi nasa. Ni abin da ya burge ni ke nan a lamarinsu ba bindigar ba, talaka ya tsaya gaban wanda ya zaɓa ya yi magana a rubuta. Mu kuwa ɗan majalisarmu sai a fosta.

Sai ya sake mana takardar gaba ɗaya, ya ce a roƙi abin da suke iya yi. Aka sa majalisa ta yi ƙudurin kira ga gwamnatin tarayya a ƙaro jami'an tsaro su zauna a kan iyaka ba su zo su koma ba, aka sa a ɗauki yaran ƙauyukanmu da suka san daji a cikin 'yan sintirin unguwa da majalisar ta yi wa doka a 2025, tunda Katsina ta kafa nata tun 2023, Zamfara ma ta yi askarawanta a 2024, aka sa gyaran hanyar da motar sojoji ba ta iya bi da damina. Sarkin baka ne ya dage a ƙara maganar rajistar mafarauta da katin shaida, ya ce shi har yau abin Uromi bai bar ransa ba, mutum 16 aka kashe a jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyar dawowa gida yin sallah, wasu daga cikinsu 'yan Torankawa a Bunkure, don kawai an ga bindigogin farauta a motarsu aka ce masu garkuwa ne. Yaron ya rubuta wannan sakin layin da kyau ƙwarai, ya karanta ya fassara, dattijo ya yi shiru ya ce haka nake so. Ni dai a raina takardar ta yi sanyi idan aka gwada da zafin da muka fito da shi daga gari, amma gara mai sanyin da za a karanta.

Yanzu ga inda na ga gazawarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Bawan Allah ɗin nan ba ya iya aiki da baki a rufe. Yana bugawa yana karantawa da ƙarfi, shago cike da masu jiran fotokwafi da masu cajin waya da yaran da ba ka san na waye ba, shi kuma yana ta Baba mafarauta nawa ka ce kuna da su, ta wace hanya kuka ce suke shigowa, kamar mai shelar ɗaurin aure. A wannan zamanin na infoma! Sai da na ce Malam don Allah sassauta murya, ya ce au yi haƙuri Yaya, bayan ɗan lokaci ya koma. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da na leƙa fuskar kwamfutar na ga takardun mutane birjik, ta filin gado, ta neman aiki, ta ƙarar wani dagaci, kowace da sunan mai ita a jiki, kuma ƙanensa da ke tsare shagon in ya tafi sallah yana buɗe duk wadda ya ga dama. Mu kuma takardarmu tana da sunayen magidanta da lambobin wayarsu da dangwalen yatsa. Na tsaya a kansa sai da ya tura min a waya ya goge a gabana, ya kuma goge daga kwandon sharar kwamfutar, takardar sa hannun kuwa ban yarda ta kwana a shagon ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Firintarsa tawadar ta yi fari-fari sai da muka sa ya girgiza ya sake, kuma in ba wuta kuɗin shafi yakan ƙaru don janareta zai tayar, solar da yake da ita caji kawai take iya ɗauka. Kuɗin rubutun kansa bai yi tsada ba, bai kai abin da mutum biyu za su kashe zuwa Kano da dawowa ba, balle a ce lauya. Benci ɗaya ne, ranar kasuwa kuwa kada ma ka fara.

In za ku je ku je da sassafe kafin tasha ta cika, ku tafi da abin da kuke so a rubuce kada ku tsaya ba da labari, lambobi da sunayen wurare ku bari a cike da biro a gida. Shi ya ba mu shawarar a yi kwafi biyu, ɗaya a miƙa a ofishin akawun majalisa da ke sakatariyar Audu Bako da sunan kakakin majalisa, ɗaya a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da ita, sannan a kai wa ɗan majalisar mazaɓa tasa daban don shi ne zai iya tashi ya gabatar. Mun yi hakan, mai hatimin tana wajen dagaci, amsa dai har yanzu ba ta zo ba.