Barin allurar rage ƙiba: a yanke lokaci guda ko a sauka sannu-sannu?

Ƙanwata, tsakanin yanke allurar lokaci guda da rage ta mataki-mataki da kika tambaya, ki ɗauki na biyun, kuma likitan da ya rubuta miki ita shi zai tsara miki saukar. Hanyoyin biyu duk na bi su da ƙafata, da Ozempic irin taki, shi ya sa ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Yankewa lokaci guda ba ta kisa, wannan kam gaskiya ce. Ga wadda ba ta da ciwon suga, maganin ba ya sa jiki rawa ko zazzaɓi don an bar shi, ficewa yake yi a hankali cikin kamar mako 5. Na yi hakan a ƙarshen 2023, lokacin da iyakoki ke rufe magani ya yi wuya a Yamai, kuma cikin wata 7 kilo 9 suka dawo daga cikin 14 da na zubar. Arha ce kawai alherinta.

Karo na biyu ne nake son ki ji da kyau. Na koma kan allurar, da na sake sauka zuwa kilo 84, likitata ta zaunar da ni ta ce ba za mu bar allurar ba sai ta ga abin da zai riƙe ni bayanta. Ina kan miligiram 1 a mako, ta mayar da ni 0.5 na mako 6, sannan 0.25 na wani mako 6. A mako na biyu da ragin farko yunwa ta fara leƙowa. Ina tuna ranar sarai: na dawo daga aiki da la'asar, na biyo ta gaban mai suyar ƙosai a bakin layinmu, ƙamshin da na yi watanni ba ya ce mini komai sai ga shi ya tsayar da ni cak. Amma yunwar ta zo da rabin ƙarfinta, irin wadda za ki iya kallo ki ce mata jira. Na sayi na dala ashirin, na ci guda uku a zaune, sauran na miƙa wa yara. A karon farko da na yanke, leda guda nake cinyewa a tsaye ban sani ba. Bambancin ke nan. Ragewar ba ta canza jiki ta hana shi neman ƙibarsa ba, lokaci ta ba ni na koyi zama da yunwa tun tana ƙarama, kafin ta dawo da cikakken ƙarfinta.

Don ki san da wa kike kokawa: sinadarin da ke cikin allurar, semagulutayid, kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, ana ce masa GLP-1. Yana sa abinci ya daɗe a ciki, yana kuma gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Ranar da ya fita daga jini, wannan saƙon ya tsaya. Jikin da ya rage nauyi kuma ba ya ƙona abinci kamar da, ga yunwa ta ƙaru. A binciken da ake kira STEP 1, wanda aka fitar da ci gabansa a 2022, mutanen da suka rage wajen kashi 17 cikin 100 na nauyinsu sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage, shekara guda bayan barin allurar. Su ma lokaci guda aka yanke musu. Na kawo miki wannan ne don in kin ga sikeli ya motsa kar ki ce ke ce marar zuciya. Halin jiki ne, kuma ana shirya masa.

Ga abin da na yi da waɗancan makonni 12. Karin safe na fara gyarawa, don burodi da mayonez da shayi mai suga ba sa kai ni ƙarfe goma. Na koma ƙwai biyu ko wake, wani lokaci nono marar suga. Da rana sai na fara da ganye, kopto ko dambun zogale, sannan kifi ko nama, shinkafa ko tuwo su zo daga ƙarshe, kuma a ƙaramin kwano nawa ni kaɗai. Wannan ya fi komai yi mini wuya, don a gidanmu tire ɗaya muke haɗuwa, kuma hannu ba ya sanin iyaka a tiren taro. Surukata ta yi ta cewa na ware kaina, sai da na zauna na yi mata bayani, yanzu ita ke ajiye mini kwanon. Fura ban bar ta ba, ludayi ne ya ragu, suga ya fita. Lemun kwalba da bisap mai zaƙi kuwa na sallame su gaba ɗaya.

Sai motsa jiki. Allurar ba kitse kaɗai take ragewa ba, har da tsoka, kuma tsoka ita ce murhun da ke ƙona abinci. Tafiya nake yi bayan asuba a kewayen filin wasa na Seyni Kountché, minti 30 zuwa 40, kwana biyar a mako, abin da ya kai minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a yi. A watan Afrilu in rana ta fito ba mai iya wannan a Yamai, don haka asuba ko bayan magariba. Sau biyu a mako kuma ina ɗaga bidon ruwa na lita 5 a kowane hannu, in yi zauna-tashi a kan kujera a tsakar gida. Ba sai kin biya kuɗin gidan motsa jiki ba.

Babbar jarrabawata Sallar Layya ce, ta same ni mako uku bayan allurar ƙarshe. Raguna a jere kan itace gaban wuta, washegari suya, maƙwabta na ta aiko da kwano. Na ci nama, na ci da daɗi, amma a zaune, sau biyu a rana, ban bar kwanon suya a ɗakina ba. Na ƙaru da kilo ɗaya da rabi, ya sauka cikin mako uku. Ranar da na ga ya sauka ba tare da allura ba, wallahi sai da na yi hawaye. Yanzu ina yawo tsakanin 85 da 87. Ina hawa sikeli kowace Juma'a da safe, kuma mun yi yarjejeniya da likita: in na haura kilo 3 sama da inda na tsaya, in koma wurinta tun abin bai yi nisa ba.

Akwai inda maganata ba ta aiki. In don ciwon suga aka sa miki ita, ko ragewar kar ki fara da kanki, sugan zai iya tashi, sai an shirya abin da zai maye gurbinta. In kina shan maganin hawan jini, a riƙa auna ki, don jini kan bi nauyi ya hau. In kuma ciki kike nema, ana son a bar ta wata 2 kafin nan, in cikin ya riga ya shiga a tsaya nan take a ga likita; a nan yankewa ce daidai. Wadda ta daɗe da bari kuma ba ta komawa kan babban awon da ta tsaya, daga 0.25 ake sake farawa, in ba haka ba amai da ciwon ciki za su kwantar da ita. Wasu ma likita zai ce su zauna a kan ƙaramin awo na dogon lokaci, kamar yadda mai hawan jini ke zama kan maganinsa, kuma ba abin kunya ba ne.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa. Da zarar an ji kina shirin bari, masu talla a WhatsApp za su yi miki caa da shayin rage tumbi da ƙwayoyin "riƙe jiki". Na taɓa sayen irin shayin nan bayan yankewar farko, kwana huɗu ina zarya bayan gida, ruwan jikina ne ya tafi, kitse na nan. Yawancinsu maganin sa gudawa ne ko na sa fitsari, an kuma sha kama wasu da sibutiramin a ciki, maganin da aka janye a Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. Biron allurar ma, wato abin nan mai kama da biro da maganin ke zuwa a ciki, ana yin na jabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Yunin 2024 kan jabun da aka gano a Birazil, Ingila da Amurka, a Ostiriya kuma an kwantar da mutane a asibiti a 2023 bayan sun yi amfani da na jabu, sugansu ya faɗi warwas. Ko na gaskiya ne, kafin a buɗe shi sanyin firigo yake so, digiri 2 zuwa 8, to wanda ya kwana a jakar ɗan kasuwa cikin zafin nan ko a firigon da ba wuta me ya rage a cikinsa? Wanda ya ce zai sayar miki da "ragowar biro" ko ya ɗura miki a sirinji don ki yi saukar da arha, ki rufe wayarki. A farmasi kawai, da takardar likita, ki duba lambar kwali da ta jikin biron sun zo ɗaya.

Kafin ki je wurin likitan, ki lissafa biro nawa saukar za ta ci ki tanadi kuɗinsu, don kar ki kai tsakiya magani ya yanke miki. Ki tafi da nauyinki na watanni uku da suka wuce a rubuce, ki roƙi a auna miki suga da jini a ranar, a sake aunawa wata 3 bayan allurar ƙarshe.