Mai gyaran da ya ɗora min Windows ya bar ni da kwanan watan Amurka

Maganar gaskiya yaron ya iya aikinsa. Laftof ɗin ƙungiyarmu ta manoma ta hannu ce, ta yi nauyi, na kai masa shagonsa a Ringim ranar kasuwa, kafin la'asar ya ɗora Windows 10 sabuwa. Kuɗin aiki ma bai wuce yadda kowa ya sani ba.

Sai dai a shafin farko, inda ake tambayar harshe da tsarin lokaci da kuɗi da kibod, ina gani ya wuce bai ko karanta ba. Na ce, “Ba za a zaɓi Najeriya ba?” Ya ce, “Baba, duk ɗaya ne.”

Wallahi ba ɗaya ba ne. Ni ke rubuta bashin taki na mambobi a Excel. Na sa 5/10, wato 5 ga Oktoba, lokacin da mutane suka fara samun kuɗin kaka. Kwamfutar ta ɗauka 10 ga Mayu ne, domin a Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana. Wanda ranarsa ta haura 12 kuwa, kamar 25/10, ba ta ma ɗauke shi kwanan wata ba, tunda babu wata na 25. Da na jera sunaye bisa ranar biya, komai ya cakuɗe. Dattijo mai mutunci ya fito a sahun waɗanda lokacinsu ya wuce, aka karanta a gaban jama'a. Har yau idan na tuna fuskarsa raina ɓaci yake.

Agogo ma yana kan lokacin yammacin Amurka, muna azahar shi yana asuba. Takarda a Word tana kan Letter, alhali A4 muke saya.

Wani malamin sakandare na garinmu ne ya gyara. Ya mayar da yanki Najeriya, lokaci West Central Africa, nan take ₦ ta maye gurbin dala, rana ta dawo gaban wata. Abin da ya faranta min rai shi ne ashe akwai kibod na Hausa a ciki: ka danne Alt na dama da k, ga ƙ, haka ɗ da ɓ. Yanzu sunan Ɗanladi da Ɓaidu suna fita daidai a rajista. Don wannan kaɗai na kusa yafe wa yaron.

Amma ranakun da suka riga suka juye ba su gyaru da kansu ba, da littafin rajista na bi su layi-layi a hasken tocila. Duk wanda zai kai masa, ya tsaya a kansa har a wuce shafin nan na farko. Ni dai kayan ƙungiya ba zan sake kai masa ba.