Wata bakwai da na'urar CROS a kunnen da ya mutu tun 1996

Kunnena na hagu ya mutu ina ɗan shekara 9, a annobar sanƙarau ta 1996. Na tashi daga jinya da raina, alhamdu lillahi, amma ɓangare guda ya yi tsit. A haka na girma a unguwar Birni ta Damagaram, a haka na zama malamin lakwal. Duk wanda ya san ni ya san in za mu jera, ta damana zai bi. A fadarmu ta hira ma wurin zamana sananne ne, ƙarshen benci, bango a hagu.

Gajiya ce ta kai ni wajen likitan kunne. In na tashi daga aji sai in ji kaina ya yi nauyi kamar na wuni ɗaukar bulo, da yamma kuma ko hirar iyali ba na so. Bayan gwajin ji, likitan ya ce mini: "Malam, kunnenka ɗaya ke aiki, saura ƙwaƙwalwa ke cikewa da ƙoƙarinta, shi ya sa kake gajiya."

Bayaninsa ya daɗe a raina. Ashe ƙwaƙwalwa kwatanta kunnuwa biyu take yi kafin ta san inda sauti ya fito: wanne ya riga ji, wanne ya fi jin ƙarfi. Tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ba, amma da ita mutum ke gane cewa kabu-kabu ta bayansa yake tahowa, da ita kuma yake tsamo murya ɗaya daga cikin hayaniya. Ga shi kai da kansa yana tare siraran sautuka irin su "s" da "f" in sun zo ta ɓangaren da ya mutu, sai ka ji ana magana amma kalmomin ba su fita. In abin ya daɗe, musamman in tun yarinta ne, sashen ji na ƙwaƙwalwa yakan sake tsari, ɓangarorinsa biyu su karkata ga kunnen da ya rage. Na tambaye shi batun dashen na'ura a cikin kunne, wanda Amurka ta amince a riƙa yi wa masu kunne ɗaya a 2019. Ya ce shekaruna cikin kurumta sun yi yawa, kuma sanƙarau kan sa dodon kodin cikin kunne ya cike da ƙashi. Sai ya ba ni shawarar wata na'urar ji da ake sa wa a kunne, mai suna CROS.

Guda biyu ce. Ta hagu makirfo ce kawai, tana ɗaukar sauti ta tura wa ta dama ba tare da waya ba. Dabarar tsohuwa ce, tun 1965 aka fito da ita. Kuɗinta kuwa sai da na shiga adashe, na kuma jira wata biyu kafin ta iso.

A aji na fara ganin amfaninta. Akwai wata yarinya mai sanyin murya da ke zaune layin taga, a haguna. Shekara guda ina ɗauka ba ta son amsa tambaya. A satin farko na ji ta ce "Mushe, ni", a hankali, kuma na gane ta daɗe tana faɗa. Ranar da ƙyar na ƙarasa darasin. A gida ma uwargida ta daina zagayowa ta damana kafin ta yi magana, nauyin kan nan na yamma kuma ya ragu sosai.

Amma kada a ruɗe ku, ba ta dawo da kunne. Duk sauti ta dama yake shiga, don haka har yau in aka yi mini oda a titi sai na waiga ko'ina. A kasuwar Dole kuwa ƙara dagula mini ji take yi, domin hayaniyar da kaina ke tare mini a da, yanzu ita ke kwaso ta ta zuba a kunnen mai lafiya. Can kashe ta nake yi. Haka ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, da kakaki da algaita suka tashi sai da na cire ta na sa aljihu.

Tana cin pil, ƴan kwanaki kaɗan ya ƙare, kuma irin nata mai lamba 312 ba a kowace farmasi ake samunsa ba, sai na yi saƙo Kano. Ƙurar hunturu na toshe makirfon, dole kullum da dare in share da ɗan buroshi. Zufar watan Afrilu ma sai an yi hattara da ita.

A ganina, malami, ma'aikacin biro, ko wanda yawan zamansa cikin mutane kaɗan ne, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Ɗan kasuwa ko mai kabu-kabu kuwa, ya roƙi a ba shi gwaji tukuna kafin ya biya.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba wanda ya gwada jina bayan na warke. An ga ina amsa kira, aka ce lafiya lau. Watan jiya ɗiyata ta yi hangum, wanda shi ma yakan kashe kunne ɗaya. Kumburin na saɓewa na ɗauke ta a moto muka tafi gwajin ji, kunnuwan biyu duka lafiya.