Wiktionary da kalmomin suma: ra'ayin wata ma'aikaciyar jinya

Aikin jinya nake yi a sashen gaggawa, kuma ba kowane majinyaci ne muke jin harshen juna da shi ba. Tambayar da ta fi ba ni wahala ta bakin tafinta ita ce: suma ya yi, ko jiri ne ya ɗebe shi, ko kuwa jijjiga ya yi? Amsarta ce ke nuna wa likita inda zai dosa. Wannan ne ya kai ni Wiktionary, ƙamus na kyauta a intanet da aka buɗe a Disamban 2002, wanda Gidauniyar Wikimedia ke kula da shi, 'yan sa-kai kuma suke rubutawa.

Abu na farko da ya gamsar da ni shi ne ba ya tara fassara wuri guda. Kalmar Turanci faint tana nufin suma, tana kuma nufin haske mai dishi-dishi ko murya mai rauni, kuma kowace ma'ana da nata jerin fassarar. Manhajar fassara ta waya takan zaɓo maka guda ta miƙo, ba tare da ka san an yi zaɓi ba. A nan kai za ka zaɓa da idonka. Harsunan da ba a rubuta su da boko, irin su Larabci da Rashanci, ana sa yadda ake furta su kusa da kalmar, wasu ma har da muryar da za ka saurara.

Inda na fi daɗewa shi ne sashen asalin kalma, domin a nan na ga yadda kowace al'umma ta fahimci abin da ke samun wanda ya suma. Bafaranshe yana cewa s'évanouir, wato mutum ya ɓace, kalmar da suke amfani da ita ga abin da ya gushe daga gani. Bajamushe yana kiran suma Ohnmacht, rashin ƙarfi ke nan. A Italiyanci svenire an gina ta ne a kan kalmar zuwa, farfaɗowa kuma rinvenire, wato sake zuwa, kamar dai yadda muke cewa ya fita hayyacinsa, ya dawo hayyacinsa. A Swahili kuzimia ce, 'yar'uwar kuzima, kashe wuta ko fitila. Ta Larabci ce ta fi taɓa ni: ughmiya alaihi, an lulluɓe shi. Ba shi ya aikata komai ba, wani abu ne ya rufe shi, kuma da wannan fi'ilin ake faɗin gajimare ya rufe jinjirin wata. Duk wanda ya taɓa riƙe mutum yana cewa yana ganin duhu kafin ya sulale ya san kalmar ta dace. Ita kuwa ta likitoci, syncope, daga Girkanci take, tushenta yankewa. Mu ma ai cewa muke yi ya yanke jiki ya faɗi.

Karin maganar da mutane ke yi a baki ma yana nan, an kuma nuna cewa ba na littafi ba ne. Dangin majinyaci mai jin Faransanci zai iya ce miki tomber dans les pommes, wato faɗawa cikin tuffa, alhali suma yake nufi. Babu yadda za a yi ki gane hakan daga kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Amma a san iyakarsa. Ƙamus ne, kalma yake bi, likita kuwa sanadi yake bi, kuma ba wuri ɗaya suke yanka ba. A wurin likita suma ita ce gushewar hankali ta ɗan lokaci saboda jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ragu, galibi daƙiƙoƙi ne, mutum ya farfaɗo da kansa da zarar ya kwanta. Mafi yawanta ba ta da haɗari: tsayuwa mai tsawo, zafi, tsoro, ganin jini. Wadda ta zo ana tsakiyar motsa jiki, ko babu wata alama kafinta, ita ce ke sa mu duba zuciya da gaggawa. Farfaɗiya daban ce, ana iya cije harshe, mutum kuma ya tashi a ruɗe na tsawon lokaci. Faɗuwar sukarin jini ma daban. Dogon suma kuwa aunawa ake yi da ma'aunin Glasgow da likitoci biyu, Teasdale da Jennett, suka fitar a 1974, daga maki 3 zuwa 15. A bakin jama'a, cikin harsuna da yawa, kalma ɗaya tana iya ɗaukar duk waɗannan, kuma jerin fassara ba zai gargaɗe ka ba.

Abin da ke damuna ƙwarai shi ne harsunan Afirka. Tunda mutane ne ke cikewa don sa-kai, harshen da ke da marubuta da yawa shi ke cika, sauran kuma sau da yawa babu su a jerin. Akwai Wiktionary na Hausa, amma yana buƙatar hannu. Mu da ke da suma da sandarewa da jiri da hajijiya da gushewar hankali, kowacce da wurinta, bai kamata mai koyon Hausa ya rasa inda zai bambance ya farfaɗo da farfaɗiya ba, tunda a kunnen baƙo kusan ɗaya suke, a asibiti kuwa ɗaya albishir ce, ɗaya ciwo.

A waya sai an yi haƙuri. Jerin fassarar a naɗe yake sai ka taɓa, shafi ɗaya kuma yana ɗauke da duk harsunan da ke rubuta kalmar iri ɗaya. Ba abin buɗewa ba ne a gefen gadon wanda ya faɗi. Ni a lokacin hutu nake dubawa, in rubuta tambayoyina a kati: ya daɗe a sume, ya yi jijjiga, ya gane mutane da ya tashi? Sannan in kai wa ɗan harshen ya gyara kafin in yi amfani da su.