Kafin ku sayi majigin unguwa a Tahoua: wace na'ura ce ke iya ɗaukar fim ɗin gaskiya

Ƙungiyar da ta tara kuɗin majigi, tana son ta riƙa nuna finafinan gaskiya, wato waɗanda ake ɗauka kan rayuwar zahiri, da na masu shirya fim masu zaman kansu a filin makaranta ko farfajiyar gidan matasa, shawara ɗaya zan ba ta tun daga farko. Ta nemi na'urar DLP (mai haɗa hoto da ƙananan madubai) mai ƙwan fitila, irin wadda ake ratayawa a ofis da ajin jami'a, mai hasken lumen ANSI (ma'aunin hasken majigi da aka amince da shi) 3000 zuwa 3500, wadda ainihin hotonta bai gaza ɗigo 1280 a 800 ba. Ko ta hannu ce, in dai lafiyarta lau, ta fi sabuwa fil daga cikin ƙananan nan masu kwali mai ƙyalli da suka cika shaguna.

Dalilin yana cikin irin fim ɗin. Mai ɗaukar fim ɗin gaskiya abin da ya tarar shi yake ɗauka: ɗaki marar taga, hira bayan magariba, fuskar mutum a ƙarƙashin rumfa rana tsaka tana bayansa. Na'ura mai raunin haske takan haɗiye duk wannan, sai ka ji murya ba ka ga mai ita ba. Sannan ga rubutu. Fim ɗin Sani Magori na 2008 kan albasar Galmi, ko na Aïcha Macky mai suna Zinder da ya fito a 2021, da Hausa ake magana a cikinsu, kunne ya wadatar. Amma ranar da kuka kawo na Zabarmanci ko Fillanci, ko wani daga Mali ko Senegal, fassarar Faransanci ce a ƙasan hoto, kuma dole na layin baya ya iya karanta ta, ko aƙalla mai fassara wa jama'a ya gan ta sarai.

Lissafin haske ba shi da wuya. Allo mai faɗin mita 3 da tsayin mita 1 da santimita 70 ya kai kusan murabba'in mita 5. Hasken da ake so a kan farin allo a ɗakin silima yana wajen lux 150 (lumen 150 a kowane murabba'in mita), wato lumen 750 ke nan a duhu ɗunɗum. To amma ku ba a ɗaki kuke ba. Akwai farin wata, akwai ƙwan mai shayi, akwai fitilar ɗan kabu-kabu da ke wucewa. Idan kuka mai da na'urar kan yanayin silima don launin fata ya fito daidai, hasken yakan ragu sosai, shi kuma ƙwai yana dusashewa a hankali har ya kai wajen rabin ƙarfinsa a ƙarshen rayuwarsa. Duk wannan ragin sai ya fita daga cikin 3000 ɗin, abin da ya saura shi ne kallonku.

Abin da ya sa na fifita DLP a kan 3LCD irin ta Epson, ƙura ce. A cikin DLP, hoton yana fitowa daga wani ɗan faifai na kamfanin Texas Instruments mai ƙananan madubai kusan miliyan ɗaya ko fiye, kuma hanyar hasken a rufe take sosai, shi ya sa yawancin na BenQ, Optoma ko ViewSonic ba su da ma matatar da za a cire a kakkaɓe. Ita 3LCD iska ce ke bi ta kan faranti uku tana sanyaya su, don haka duk ƙurar da ta tsallake matata a kan hoto za ta sauka, ta zama tabo mai launi. Launin 3LCD ya fi ƙarfi, ban musa ba, amma daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe Adar, sai an sami wanda ya ɗauki tsabtace matata a matsayin aikinsa na kowane mako, kuma irin wannan mutum wuyar samu gare shi a ƙungiya. Aibin DLP ɗaya ne da ya kamata ku sani: wasu idanu kan ga walƙiyar bakan gizo a gefen farin rubutu in bayansa baƙi ne. Ku gwada da fim mai fassara kafin ku biya, ku tafi ku uku ko huɗu, don ba kowane ido ke ganinta ba.

Mai leza ta fi su duka, ba ƙwan canji kuma ana ba ta awa 20,000, sai dai kuɗinta zai cinye na lasifika da na janareta. Babbar talabijin ta mutum talatin ce a ɗaki, ba ta fili ba.

Yanzu ga inda ake cin kuɗin mutane. Ƴan ƙananan na'urorin LED da hannu ɗaya ke ɗauka, waɗanda aka rubuta wa lumen 8000, 9500, har 12,000 a kwali, lambar ƙarya ce tsagwaronta. Wasu hasken fitilar ciki suke ƙirgawa kafin ya ratsa gilashi, wasu kuwa lambar da ta yi musu daɗi kawai suke bugawa. In aka auna da ma'aunin ANSI, da yawansu ɗari da wani abu ne ko ɗari biyu. Kamfanin Epson ya sha kai masu sayar da irin waɗannan ƙara a kotunan Amurka kan wannan ƙaryar. Duk lambar haske da ba a rubuta ANSI ko ISO 21118 kusa da ita ba, ku ɗauka ba a rubuta kome ba. Kuma tun da yanzu har ANSI ɗin wasu sun koyi bugawa, ku juya na'urar ku karanta wutar da take ci. Mai lumen 3000 ta gaskiya tana cin wat 250 zuwa 300. Wadda ke cin wat 50 ko 60 ta ce ta ninka ta uku, ai ƙwarya ce ke cewa ta fi tulu ɗaukar ruwa.

Yaudara ta biyu tana wajen kaifin hoto. Za ku ga 1080P ko 4K da manyan baƙaƙe, can ƙasa da ƙanana an sa “support”, wato tana karɓar fim mai wannan girma ta matse shi. Ainihin nata, wanda ake rubutawa “native”, sau da yawa 800 a 480 ne. A kan allon mita 3, rubutun fassara yakan narke, kuma irin waɗannan in ka daidaita tsakiya sai kusurwoyi su yi dishi-dishi, alhali a ƙasan hoton rubutun yake. Mai shago zai kunna muku fim ɗin zanen yara mai launi rangaɗa-rangaɗa, a lungu mai duhu, hoton bai wuce faɗin tabarmar salla ba. Kada ku yarda da wannan gwaji. Ku zo da naku fim a ƙaramar ma'ajiyar USB ko kwamfuta, ku ja na'urar baya har hoton ya kai mita 3. In ya ƙi, kun sami amsa. Wayar hannu mai manhajar auna haske ma tana taimakawa: ku haska farin shafi, ku raba shi gida tara, ku auna tsakiyar kowane gida wayar tana fuskantar na'urar, ku fitar da matsakaici, ku ninka da murabba'in mitan hoton. Ba ma'aunin ƙwararru ba ne, amma tsakanin 200 da 3000 ba ya ɓata.

Ta hannu ita ma da nata tarkon. Agogon awannin ƙwai ana mai da shi sifiri daga cikin saituna da ƴan latse-latse, don haka “awa ɗari kawai ta yi” ba hujja ba ce. Hasken da kuka auna shi ne hujja. Ku sa baƙin shafi: fararen ɗige-ɗige kamar taurari na nuna madubai sun fara maƙalewa, kuma ƙaruwa suke yi ba raguwa ba, ku bar ta ko kyauta ce. Ku sa fari: rawaya-rawaya a gefe a 3LCD alamar zafi ya ƙona faranti ne. Ku saurari ƙara mai kaifi, wadda ke nuna faifan launi na DLP ya gaji. Ku bar ta a kunne aƙalla minti 40, domin mai matsalar zafi lafiya lau take a minti goman farko. Ƙwan canji kuma ku saye shi tare da na'urar, tun da kamfanoni suna komawa leza. Na asali Philips, Osram ko Ushio ne ke yin sa. Jabu ya cika kasuwa, a cikin gida mai kama da na asali sak, haskensa kaɗan, kuma in ya fashe akwai sinadarin makuri a ciki, ga gilashin da ke watsuwa cikin na'ura.

Zafi da wuta su ne ke kashe ƙwai a garin nan. Yawancin na'urori digiri 35 ko 40 aka yanka musu, a Afrilu da Mayu kuwa ƙasa da bango ba sa hucewa da wuri ko bayan isha'i. Ku ɗora ta a tebur, ba a tabarma ba, rabin mita fili ta kowane gefe, ku kunna saitin da aka yi don wurare masu tudu, wanda ke sa fanka gudu da ƙarfi. In an gama, a kashe da maɓalli a jira fanka ta tsaya kafin a zare waya. Ɗaukewar wutar NIGELEC a tsakiyar fim tana hana ƙwai wannan sanyayar, shi ya sa ƙaramar na'urar riƙe wuta mai batir ta zama dole, ko da minti biyar kawai take riƙewa. Majigi, lasifika da kwamfuta gaba ɗaya wajen wat 600 ne. Janareta mai inbata na kVA 2 shi ne daidai. Ɗan ƙaramin nan mai gauraya mai da baƙin mai wutarsa hawa da sauka take yi, kada ya kusanci majigi. A ajiye injin mita 20 zuwa 25 a bayan ƴan kallo da wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2,5, a kuma kankare bakinta a gani, don akwai ta alminiyon da aka shafa wa launin tagulla. Masu son sola su sani awa uku na cin wat-awa 1800, batir mai bolt 12 da amfa 200 kuwa rabin 2400 ɗinsa kawai ake sha, sai biyu.

Allo kada ya ci muku kuɗi. Bangon da aka shafe sumul aka yi masa farin fenti marar sheƙi ya fi kome, iska ba ta kaɗa shi. In sai yadi, farin alawayyo a ɗame shi ta kusurwa huɗu da baƙin ƙyalle a bayansa. Shadda tana ƙyalli, ba ta yi. Na'ura mai nisan jifa 1,5 (wato nisanta daga allo ya ninka faɗin allon sau ɗaya da rabi) tana zama mita 4 da rabi daga allon mita 3. In kun sami tsofaffin finafinan Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a nan Tahoua kafin rasuwarsa a 2015, ku tuna surarsu 4:3 ce, a bar baƙi a gefe biyu, kada a miƙe hoton har kawuna su baje.

Sauti kuwa lasifika ɗaya mai ƙarfin kanta, wat 100 zuwa 200 RMS (ma'aunin ainihin ƙarfinta), a ɗaga ta sama da kan mutane kusa da allo. Dubunnan wat da aka rubuta da PMPO ƙanen lumen ɗin kwali ne. A haɗa da waya, Bluetooth yana sa baki ya riga murya. A tanadi makirufo biyu, ɗaya na mai fassara, ɗaya na jama'a, domin tattaunawar bayan fim ita ce ginshiƙin yadda Cinéma Numérique Ambulant ke aiki a ƙauyukan Nijar tun farkon shekarun 2000.

Shi kansa fim ɗin, daga hannun mai shi ko kamfanin da ya shirya shi ake karɓa, da izini a rubuce mai ɗauke da rana, wuri, da ko za a karɓi kuɗin shiga. Na wajen masu tura fim a waya an matse shi har ya mutu, kuma satar haƙƙi ce. Tambayar da ta shige muku duhu a kai ta BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na ƙasa. Wanda ya zo ya ce shi wakilin darakta ne yana neman kuɗi, a tabbatar daga bakin daraktan kafin dala ta fita. Ku roƙi MP4 mai H.264, 1080p, fassara a manne cikin hoto, sauti sitiriyo. Tsarin fayil na DCP na manyan gidajen silima ne. In aka turo mai sauti 5.1, wato mai layi shida, aka kuma haɗa shi ba daidai ba, za ku ji kiɗa da kukan iska amma maganar mutane ta ɓace, don a layin tsakiya take. Ku kalli fim ɗin tun daga farko har ƙarshe da kayan da za ku yi amfani da su, kwana ɗaya kafin ranar.