Tikitin zagaya filin Atlético Madrid: abin da mai neman tarihin Luis Aragonés zai samu

Yawancin baƙin da suka shigo Madrid da son ƙwallo a ransu Bernabéu, filin Real Madrid, suke nufa, su ɗauki hoto da kofunan Turai su koma masauki. Ni shawarata ga duk wanda yake da rabin yini a hannu ita ce ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 7, ya sauka a tashar Estadio Metropolitano, ya sayi tikitin zagaya filin Atlético tare da gidan tarihinsu da suke kira Territorio Atleti. Kuɗin bai kai na Bernabéu ba, kuma babu turereniya irin ta can. Amma akwai sharaɗi: ka je da sanin wane ne Luis Aragonés, tsohon ɗan wasa kuma kocin Atlético, wanda ya ci Euro 2008 yana kocin Sifaniya. In ba haka ba, za ka wuce abubuwan da suka fi komai daraja a wurin kana neman rigar Griezmann.

Filin yana gabashin birni, a unguwar San Blas-Canillejas, kusa da filin jirgin sama na Barajas, don haka da ɗan tafiya daga tsakiyar gari. Kana fitowa daga tasha ka riga ka fara ziyara ba tare da ka biya ko yuro ɗaya ba. Titin da filin yake a kai sunan Luis yake ɗauke da shi, Avenida de Luis Aragonés. A harabar kuma akwai mutum-mutuminsa na tagulla, wanda magoya baya suka yi karo-karo aka ƙera, aka buɗe shi a 2021. A kayan wasa aka yi shi, ba a matsayin dattijon nan mai furfura da tabarau da muka sani a bakin layi ba. Wannan zaɓin ya burge ni, domin mu da muka san shi ta Euro 2008 muna mantawa cewa kafin ya zama koci ya shekara goma yana yi wa wannan kulob wasa, daga 1964 zuwa 1974.

Ƙanena da ke karatu a birnin shi ya raka ni, kuma shi ya ja hankalina ƙasa. "Yaya, dubi inda kake takawa," in ji shi. Ashe daɓen harabar cike yake da alluna, kowane ɗan wasan da ya buga wa kulob ɗin wasa 100 yana da nasa, da suna da shekarunsa. Mun daɗe a sunkuye muna karantawa: Adelardo, Gárate, Futre, Torres, Koke. Wani dattijo da gyalen kulob a wuyansa ya riƙo jikarsa yana nuna mata allo ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a wasu fiye da wasu.

Zagayen filin kansa abin da aka saba ne, kuma an tsara shi tsaf: ɗakin sauya kaya, zauren manema labarai, lungun da 'yan wasa ke bi su fito fili, sai benci, inda za ka zauna ka ɗaga kai ka ga kujeru wajen 70,000 sun kewaye ka. An buɗe filin a Satumban 2017, nan ne kuma Liverpool ta doke Tottenham a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a 2019. Yana da kyau, yana da tsafta, ma'aikatan da muka tarar masu fara'a ne. Sai dai mai neman Luis ya sani cewa bai taɓa zama a wannan benci ba. Ya rasu ranar 1 ga Fabrairun 2014, shekara uku da ɗoriya kafin kulob ɗin ya tare a nan. Filin da ya yi rayuwarsa a ciki, Vicente Calderón da ke bakin kogin Manzanares, an rushe shi, an gama a 2020. Shi ne ma ya ci ƙwallon farko a wancan fili ranar da aka buɗe shi, 2 ga Oktoban 1966, a wasa da Valencia. Wannan ya ɗan sosa mini rai ina zaune a bencin, ba zan ɓoye ba.

Gidan tarihin ne ya biya ni kuɗina. Akwai allunan taɓawa da bidiyo da wasannin da yara ke rububi, na bar wa ƙanena su. Ni gaban kofuna na tsaya ina lissafi da yatsa. Atlético ta ci La Liga sau 11 ya zuwa 2021, huɗu daga ciki da hannun Luis: 1966, 1970 da 1973 yana ɗan wasa, 1977 yana koci. Kofin ƙasa kuwa, wato Copa del Rey, goma kulob ɗin ya ci tsakanin 1960 da 2013, rabinsu cur yana ciki: 1965 da 1972 da ƙafarsa, 1976, 1985 da 1992 daga benci. Na 1992 ɗin a cikin Bernabéu aka ci shi, an doke Real Madrid 2-0, Schuster da Futre suka zura ƙwallayen. Abin da ya ƙara wa wannan armashi shi ne Real ɗin ce ta fara sayen Luis yana saurayi a 1958, ta yi ta ba da shi aro ga ƙananan kulob-kulob, bai taɓa buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Sai da ya yi fice a Betis sannan Atlético ta ɗauko shi.

Kofin da nake so kowa ya ba lokaci shi ne na Intercontinental, wanda zakarun Turai da na Kudancin Amurka ke karawa a kai, domin labarinsa ya haɗa baƙin cikin mutumin da ramuwarsa cikin ƙasa da shekara guda. A Mayun 1974 Atlético ta kai wasan ƙarshe na Kofin Turai, ta haɗu da Bayern Munich a filin Heysel na Brussels. An tashi minti 90 ba ci. A minti na 114 aka sami bugun tazara a bakin da'ira, Luis, yana ɗan shekara 35, ya lanƙwasa ta saman katangar 'yan wasa, mai tsaron ragar Bayern Sepp Maier ya bi ta da ido. Wanda ya kalli hoton bidiyon zai ga ya ɗaga hannu yana murna tun ƙwallon ba ta taɓa raga ba. Saura daƙiƙoƙi a tashi sai ɗan bayan Bayern Schwarzenbeck ya sheƙo wata daga nesa, ta wuce mai tsaron ragar Atlético Miguel Reina. A lokacin ba a raba gardamar wasan ƙarshe da bugun fenareti, sai aka sake wasan bayan kwana biyu, Bayern ta ci 4-0. A Nuwamban shekarar aka sallami koci Juan Carlos Lorenzo, aka ce wa Luis ya cire takalmi ya karɓi ragamar mutanen da jiya-jiya suke sauya kaya tare. Bayern ta ƙi zuwa buga Intercontinental, aka tura Atlético a madadinta. Independiente ta Ajantina ta ci 1-0 a gidanta, Atlético ta rama 2-0 a Calderón a Afrilun 1975. Ga kofin nan a cikin gilashi, a gidan kulob ɗin da har yau bai ɗauki Kofin Turai ba.

Ƙwallayensa 173 sun riƙe kambun kulob ɗin kusan shekara 50, sai a Janairun 2024 Griezmann ya wuce shi. Kuma ba ɗan gaba ba ne zalla, daga tsakiya yake tasowa. A 1970 ya raba kyautar Pichichi, ta wanda ya fi cin ƙwallo a La Liga, da Gárate da Amancio, kowa da ƙwallo 16.

Abin da ya fi ƙara masa girma a idona bai zo da babban kofi ba. A 2001 ya kai Mallorca matsayi na uku a La Liga, da wani matashi Samuel Eto'o a gaba, ga gurbin Gasar Zakarun Turai a hannu. Ya bar wannan duka ya koma Atlético da ke rukuni na biyu, ya dawo da ita sama a 2002, yana rainon wani yaro mai suna Fernando Torres. Bayan shekara shida, Luis yana kocin Sifaniya, yaron nan ne ya ci Jamus a wasan ƙarshe na Euro a Vienna, ranar 29 ga Yunin 2008, Sifaniya ta ɗauki kofinta na farko tun 1964. Kafin a kai nan Luis ya sha suka iya suka saboda ajiye Raúl, tauraron Real Madrid, da ya yi a 2006, jaridun Madrid sun sa shi gaba, bai janye ba. Ya damƙa wasan a ƙafar gajerun 'yan tsakiya, Xavi da Iniesta da Silva, da Marcos Senna yana share musu baya. Pepe Reina, ɗan mai tsaron ragar da aka ci a Heysel, yana cikin tawagar.

Akwai tabo, kuma ni a matsayina na baƙar fata ba zan tsallake shi ba. A 2004 kyamara ta kama shi a wajen atisayen tawagar Sifaniya yana zuga ɗan wasansa José Antonio Reyes da kalmar wariyar launin fata a kan Thierry Henry. Tarar yuro 3,000 aka ci shi, wadda mutane da yawa suka ga ba ta taka kara ta karya ba, ni ma haka na gani. Eto'o ya fito ya kare shi, kuma ya ci gaba da girmama shi kamar uba har bayan rasuwarsa. Na yarda da shaidar Eto'o a kan halin mutumin, amma maganar da ya faɗa mummuna ce, kuma na tsaya gaban mutum-mutumin da sanin duka biyun.

Ga mai shirin zuwa: ka sayi tikiti ta intanet, ka duba jadawali tukuna, domin ranar wasa ko wani taro akan taƙaita zagayen ko a rufe. Ka ware awa biyu aƙalla, ka fi ba gidan tarihin lokaci a kan ɗakin sauya kaya. Idan da bazara ne ka je da safe da ruwa a hannu, harabar fili ce fetal, inuwa kaɗan, kuma karanta allunan nan yana cin lokaci fiye da yadda kake zato. A ƙarshen zagayen za ka ɓulla kantin kulob. Rigar wasa ta bana tana da tsada kamar ta kowane babban kulob a Turai, don haka gyale ja da fari na saya, ƙanena ya ɗauki hula.